Kiɗan Ƙarfe da Kaifin Basira: Shin Shamuwa ce Ke Kawo Ruwa?

A cikin watan Maris na shekarar 2007 jaridun Ingila suka yi ta yayata wani labari mai ban mamaki, wai masana sun gano cewa yara masu kaifin basira sun fi kowa son wani kiɗa mai tsananin ƙara da ake kira hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi. Tun daga lokacin labarin bai mutu ba, yakan lafa ya sake tasowa, kuma duk sa'ad da ya taso sai an ƙara masa gishiri. Kiɗan baƙo ne a ƙasar Daura, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa 'yar gida ce. Sau da yawa malami ko uba yakan ji abin da yaro ke saurare a wayarsa, nan take ya yanke masa hukunci, ko dai mai natsuwa ne, ko kuma ɗan shiririta da ba zai yi abin kirki a aji ba. Saboda haka ya kamata ɗalibin kimiyya ya san abin da binciken ya gano, da abin da aka ɗora masa alhali bai faɗa ba.

Asalin kiɗan

An haifi hebi metal a Birmingham, birnin masana'antun ƙarfe na Ingila, wanda za a iya kira garin maƙeran Turawa. Ƙungiyar da aka fi danganta shi da ita ita ce Black Sabbath, wadda wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka kafa a 1968, suka fitar da faifansu na farko a 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu. Sai ya yi wa yatsun 'yan huluna na roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyar jitar don ta yi masa sauƙin dannawa. Ɗalibin fiziks ya san abin da zai biyo baya: idan tsirkiya ta yi sako-sako, kaɗawarta a daƙiƙa guda takan ragu, sauti ya yi kauri. Wannan kauri, tare da na'urar ƙara sauti da ake buɗewa har muryar jita ta dushe, da ganguna masu dukan ƙirji, su ne alamar kiɗan.

Tun farko manya ba su yi na'am da shi ba. A 1985 wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka ya zauna sauraren koke-koke a kan kalmomin waƙoƙin matasa, hebi metal na kan gaba cikin waɗanda aka zarga. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest gaban kotu a jihar Nebada bisa zargin cewa faifanta ne ya tunzura wasu samari biyu suka harbi kansu, amma alƙali bai same ta da laifi ba. Ɗaukar da aka yi wa masu son kiɗan ita ce ta daƙiƙai masu taurin kai. Wannan ne ya sa labarin 2007 ya yi armashi, don ya juya tsohon zargi a kansa.

Makamancinsa a ƙasar Daura

Ba sai an je Birmingham ba kafin a sami kiɗa mai tsuma jini. Duk wanda ya halarci hawan Sallar Gani a Daura ya ga yadda 'yan tauri kan yi idan makaɗinsu ya taɓa musu takensu, jiki na ɓari, wuƙa na tafiya a kan fata. Haka nan filin dambe bayan kaka, inda kalangu kan sa ɗan dambe ya yi kirari ya zabura. Bahaushe ya daɗe da raba kiɗa bisa sana'a da matsayi: tambari da kakaki da algaita na sarauta, kotso da taushi na mawaƙan fada, gangar noma ta manoma, kalangu na mahauta da 'yan dambe, garaya da goge kuwa an fi jingina su ga bori da gidajen shagali. Da yake an jera kayan kiɗan hawa-hawa, sai aka jera masu saurarensu haka nan. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya wallafa babban littafi a kan tarihin sarautar Daura a 1978, ya riga ya yi bayani tun 1957 a kan yadda al'ummar Hausa ke buƙatar maroƙi a kowane sha'ani, amma ta ajiye shi a ƙasan tsani.

Daura na da dalili na musamman na yin hattara da wannan tsani. A cikinta aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Shata mutumin Musawa ne, bai yi karatun boko ba, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, kuma gangar da ya zaɓa ita ce kalangu, gangar mahauta. Duk da haka yakan ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, ya riƙe sunaye da asali da garuruwa ba tare da takarda ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Haka kuma waƙoƙin Ɗan Anace na dambe, da na Kassu Zurmi na 'yan tauri, da na Gambu mai waƙar ɓarayi, duk sun zama abin nazari a sassan Hausa na jami'o'i. Malamin jami'ar da ya kwana yana juya kaset ɗin Gambu bai zama ɓarawo ba, ko da yake masu iya magana sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

To, amma hazaƙar mawaƙi daban, ta mai saurare daban. Tambayar kimiyya a nan ita ce ko son wani irin kiɗa na nuna yawan basirar mai sonsa.

Abin da aka yi a Warwick

Wani mai bincike a Jami'ar Warwick, Stuart Cadwallader, shi ne ya yi aikin da jaridu suka ɗauka. A lokacin jami'ar na riƙe da wata cibiya ta ƙasa don yara masu hazaƙa, waɗanda ke cikin kashi 5 bisa ɗari na sama a fagen karatu. Ya tambayi 1,057 daga cikinsu irin kiɗan da suke so. Wanda ya zo na ɗaya shi ne rok, sai kiɗan zamani na gama-gari da ake kira fof. Hebi metal kuwa kashi 6 bisa ɗari kacal suka ce shi ne zaɓinsu na farko, kimanin sulusi kuma suka sa shi cikin biyar ɗin da suka fi so. Daga nan ya tattauna da 19 daga cikin masu sonsa. Abin da suka fi faɗa shi ne suna jin sa ne idan ransu ya ɓaci, ko nauyin karatu ya yi musu yawa, don su huce. An kuma lura cewa masu son kiɗan sun ɗan fi sauran ƙarancin yarda da kai.

Mai karatu ya sake duba waɗannan alƙaluma da kyau. Kashi 94 bisa ɗari na haziƙan nan wani kiɗan suka fifita. Babban giɓin ma ba nan yake ba. Duk yaran da aka tambaya haziƙai ne, ba a tambayi sauran yaran Ingila ba balle a kwatanta. A ce wani ya shiga ajin ƙwararru na wata sakandare a Daura ya tarar ɗalibai 10 cikin 30 na son waƙoƙin dambe, sai ya fito yana shelar cewa dambe kiɗan masu ƙwaƙwalwa ne. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, nawa ne ke son su a ajin da ke kusa? Idan can ma 10 ne cikin 30, bai gano kome ba. Idan 20 ne, to ya gano kishiyar abin da ya faɗa. Ajin nan na biyu shi ake kira rukunin kwatanci, kuma in babu shi ba a iya cewa wani ya fi wani. A yi wa Cadwallader adalci: abin da ya nema shi ne yadda haziƙan yara ke amfani da kiɗa wajen sauke damuwa, kuma ya samu. Kanun labari ne suka yi masa ƙari.

An yi wasu binciken masu faɗi. A 2003 Peter Rentfrow da Samuel Gosling na Jami'ar Texas suka nazarci dubban mutane, suka ga cewa masu son kiɗa mai zafi da bore, har da hebi metal, sukan ɗan fi maki a gwajin sanin kalmomi, kuma sun fi son gwada sabon abu. Amma masu son kiɗan gargajiyar Turai da jaz su ma haka suke, kuma dangantakar ƙarama ce ƙwarai. A 2008 Adrian North na Jami'ar Heriot-Watt da ke Sikotilan ya tattara amsoshin mutane fiye da 36,000, ya ba da rahoton cewa masoya hebi metal da masoya kiɗan gargajiyar Turai sun yi kama a ɗabi'a: masu son ƙirƙira, masu sanyin hali, marasa son shiga taro. Ɗabi'a ya auna, ba basira ba, kuma mutanen da kansu suka kawo kansu suka bayyana halinsu. A Ostireliya kuma, a 2015, Leah Sharman da Genevieve Dingle na Jami'ar Queensland suka sa masu son kiɗa mai zafi su 39 suka tuna abin da ya taɓa fusata su, sa'an nan aka bar wasu da kiɗan da suka zaɓa na minti 10, wasu kuma shiru. Kiɗan bai ƙara wa masu jinsa fushi ba, sun ma ce sun ji ƙarfin gwiwa. Wannan ya yi daidai da maganar yaran Warwick, ya kuma raunana tsohon zargin cewa kiɗan na haifar da ta'asa.

Shamuwa da ruwan sama

Ko da an tabbatar cewa abu biyu na tafiya tare, wannan bai nuna ɗaya ne sanadin ɗayan ba. Manomin Baure ko Sandamu ya san cewa idan shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan itatuwan gari, damina ta ƙarato. Dangantakar gaskiya ce, shekara da shekaru ba ta saɓa ba. Amma da za a kamo shamuwa ɗari a kawo Daura cikin hunturu, ko ɗigo ba zai sauka ba. Tsuntsuwar na tasowa ne daga kudancin Afirka tana bin sauyin yanayi da fari da sauran ƙwarin da take ci, kuma sauyin yanayin nan shi ne ke kawo ruwan. Akwai abu na uku ke nan da ke jan biyun.

A batun kiɗa, abu na ukun da masana suka fi zargi shi ne ɗabi'ar son sanin sabon abu. Yaron da ke da ita yakan karanta abin da ba a sa shi ba, yakan kuma nemi kiɗan da abokansa ba su sani ba. Sa'an nan akwai halin gida. A ƙasar Daura, saurayin da ya san Black Sabbath kusan tabbas yana da waya mai intanet da kuɗin data da Turanci mai ƙarfi, wataƙila kuma iyayensa 'yan boko ne. Idan ya fi wani maki a jarrabawa, waɗannan sun isa su bayyana bambancin ba sai an kira jita ba. A Birmingham ta 1970 kuwa kiɗan 'ya'yan leburori ne. Kiɗa ɗaya, amma abin da yake nunawa game da mai sonsa ya sauya da sauyin wuri.

Tarkon Mozart

Irin wannan ruɗani ya taɓa cin kuɗin gwamnati. A 1993 Frances Rauscher da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka sa ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti 10, sai makinsu ya ɗan ɗaga a gwajin siffofi, irin wanda ake tambayar yadda takarda za ta kasance in an naɗe ta an yanka an buɗe. Tasirin bai wuce minti 15 ba. Rauscher ba ta ce basira ta ƙaru ba, kuma ba ta gwada jarirai ba. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don a ba kowane jariri faifan kiɗa. Da wasu masana suka maimaita gwajin, sai aka ga cewa sauraren labari mai daɗi ma kan yi wa wanda ya fi son labari irin wannan aiki, yaran Ingila kuma sun fi yin kyau bayan sun ji waƙoƙin zamani da suke so. Ashe nishaɗi ne da wartsakewa na ɗan lokaci. A 2010 masana a Jami'ar Biyana suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje wajen 40, ba su sami wani sirri a kiɗan Mozart ba.

Koyon kaɗawa da hannu fa? Glenn Schellenberg na Jami'ar Toronto ya yi gwaji mai inganci a 2004. Ya raba yara 144 'yan shekara shida ta hanyar ƙuri'a, wasu suka koyi kiɗa ko rera waƙa na mako 36, wasu wasan kwaikwayo, wasu ba kome. Masu kiɗa sun fi sauran ƙaruwa da maki kusan 3 a awon basira. Ƙuri'ar ita ce ƙarfin gwajin, don ita ke hana 'ya'yan masu hali taruwa a rukuni guda. Sai dai a 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara gwaje-gwaje 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ga cewa gwargwadon ingancin gwaji, gwargwadon ƙanƙancewar tasirin, har ya kusa zama sifiri. Har yanzu masana na ja-in-ja a kan wannan. Koyon kalangu na koya wa yaro kalangu, da haƙuri, da kunnen karin sauti, kuma wannan kansa riba ce ko da bai taɓa makin lissafi ba.

Wace basira ake aunawa?

Hausa ta bambanta hankali da wayo, da basira, da hazaƙa, da fasaha, da hikima. Ana iya samun mai wayo marar hankali. Awon basira na Turawa, wanda Alfred Binet da Théodore Simon suka fara a Faransa a 1905, wani yanki kaɗai yake kamawa: sanin kalmomi, lissafi, gane tsari a siffofi, da riƙe abu a ka. An tsara shi yadda matsakaicin maki zai zama 100, kimanin kashi biyu cikin uku na mutane kuma su faɗa tsakanin 85 da 115. Yana da amfani, don yakan yi hasashen yadda yaro zai yi a makaranta. Amma ba ƙaddara yake aunawa ba. James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin ya riƙa hawa da kimanin 3 a kowace shekara goma a ƙasashe da dama, abin da aka fi dangantawa da yaɗuwar makarantu da ingancin abinci da lafiya. A wani ƙauye na Luwo a yammacin Kenya, Robert Sternberg da abokan aikinsa suka gwada yara 85 a kan sanin magungunan gargajiya, suka ba da rahoto a 2001 cewa waɗanda suka fi sanin itatuwan magani sukan gaza a gwajin makaranta. Lokacinsu ne ya tafi wani fagen ilmi. Da an ba Shata takardar Binet da Faransanci ko Turanci, sakamakon da zai fito ba zai faɗi kome game da Shata ba. Binet kansa ya ƙirƙiro awon ne don a gano yaran da ke buƙatar taimako, ba don a yi musu tambari ba.

Inda kiɗa ke taɓa karatu da gaske

Akwai wurare biyu da shaida ta yi ƙarfi, kuma ba ruwansu da irin kiɗan. Na farko kunne. A can cikin kunne akwai wani ɗan bututu mai siffar dodon koɗi, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa na kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya jure ƙarar dasibel 80 na awa 40 a mako, amma a dasibel 90 awa 4 ne kawai, a dasibel 100 kuwa kimanin minti 20. Taron hebi metal kan wuce 100, haka ma iyafis da aka ƙure, ko tsayuwa gaban lasifikar gidan biki. Ɗalibin da jinsa ya ragu yakan rasa rabin maganar malami daga bayan aji, a ɗauka daƙiƙi ne.

Na biyu shi ne karatu ana jin waƙa. A 2014 Nick Perham da Harriet Currie a Kadif ta ƙasar Wales suka ba ɗalibai nassi su karanta su amsa tambayoyi cikin yanayi huɗu: shiru, kiɗa zalla, waƙar da suke so, da waƙar hebi metal da ba sa so. Shiru da kiɗa zalla suka fi ba da sakamako mai kyau. Waƙar da ake so da wadda ba a so duk sun rage fahimta, domin kalmomin waƙa da kalmomin littafi hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa, suna gogayya.

Wannan gwaji na ƙarshe ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Daura, ko Zango, ko Mai'aduwa, na iya maimaita shi ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A rubuta sunayen 'yan aji a 'yan takardu, a zuba a hula, a raba su gida uku ta ƙuri'a, kada malami ya zaɓa da kansa. A ba kowa nassi ɗaya na Hausa da minti 10. Rukuni na farko su karanta shiru, na biyu da busar algaita ko sarewa marar waƙa, na uku da waƙar Hausa mai kalmomi, a daidaita ƙarar rediyon a duka biyun. Sa'an nan a yi musu tambayoyi iri ɗaya. Wanda zai duba amsoshin kada ya san rukunin da kowace takarda ta fito, don haka lamba za a sa maimakon suna. Bayan mako guda a sake da sabon nassi, a juya rukunonin, a ga ko bambancin ya bi waƙar ko ya bi ɗaliban.